Cefane ta intanet: matsalolin da ke tsakanin waya da ƙofar gida

Cefane ta intanet shi ne mutum ya zaɓi kayan abinci a cikin waya ko kwamfuta, ya biya kuɗi, sannan a kawo masa su gida, ko wurin aiki, ko otal ɗin da ya sauka. Wasu na kiran wannan saye oda, wasu kuma komande. A Turai da Amurka manyan kantuna da kamfanonin dako ne ke riƙe da harkar, da manhajojinsu da motocinsu. A Faransa kamfanin Auchan ya buɗe wurin farko da ake zuwa da mota a karɓi kaya ba tare da an shiga kanti ba a garin Leers a shekara ta 2000, Chronodrive ya biyo baya a 2004 da oda ta intanet. A Amurka Instacart ya fara aiki a 2012. A Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa kuwa abin ya fi tafiya ta WhatsApp da Facebook: mai kanti ko mai sayar da kayan miya ya sa hotuna, mai saye ya aiko da saƙon murya, a tura kuɗi ta Airtel Money ko Nita ko Amana, ɗan kabu-kabu ya ɗauko kaya.

Amfanin abin a fili yake. Tsoho da ba ya iya tafiya, mai jego, ma'aikaciyar da ba ta tashi sai yamma, ɗan ci-rani da ke son a kai wa mahaifiyarsa buhun shinkafa ba tare da kuɗin ya bi ta hannu uku ba, duk suna samun sauƙi. Masu talla sun riga sun faɗi wannan ɓangaren sau dubu. Ɓangaren da ba su cika faɗa ba shi ne abin da mai saye ke bari a baya ranar da ya daina zuwa kasuwa da ƙafarsa.

Aike ba baƙon abu ba ne

A ƙasar Hausa mace da yawa ba ta taɓa yin cefane da kanta ba. Maigida ne ke yi, ko a aiki yaro, ko a ba wata tsohuwa ta unguwa saƙo. Saboda haka wani zai iya cewa intanet bai kawo wani sabon abu ba, aike ne dai aka sa a cikin waya. Akwai gaskiya a ciki, amma bambanci biyu ne suka sauya lissafin. Na farko, ɗan aiken da na gida ne. Ya san uwar gida ba ta son tumatir mai ruwa, ya san mahaucin da ake saye wurinsa, kuma idan ya dawo da ruɓaɓɓen tattasai zai sha faɗa, gobe ya gyara. Wanda ke haɗa kayan oda bai san mai saye ba, ba zai ci daga tukunyar ba, kuma oda goma ce ke jiransa. Na biyu, a tsohon aike ana biyan mai kaya ne bayan wani na gida ya ga kayan. A sabon, kuɗi ne ke fara tafiya. Kusan dukan matsalolin da ke ƙasa daga waɗannan biyun suka fito.

Ido da hannu

Kayan gwangwani, sukari, taliya, sabulu da man girki na cikin jarka ba su da wata matsala: abin da ke cikin hoto shi ne zai zo. Rigimar tana cikin ɗanyen kaya. Mai cefane na ƙwarai yana latsa tumatir, ya ɗaga albasa ya ji nauyinta, ya duba wuyanta ko ya fara laushi, ya karya bakin kuɓewa, ya ƙwanƙwasa kankana, ya buɗe kunnen kifi ya ga ko ja ne. Wurin mahauci yana nuna inda za a yanka masa, ya ce a rage ƙashi, a cire kitse. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da hoto ke iya yi, balle hoton da aka ɗauka makon jiya, ko aka kwaso daga wani shafin. Albasar Galmi ta cikin hoto kullum sabuwa ce.

Kuma mai kaya yana da dalilin da zai sa ya ba mai oda abin da mai zuwa da kansa ya ƙi ɗauka. Ba sai ya zama mugu ba. Kayan gwari suna lalacewa, wanda ya kwana shi ya kamata ya fara fita, kuma wanda ba ya nan ba ya iya cewa a canza. Bahaushe na kiran irin wannan cinikin biri a sama.

Awo ma yana shiga ciki. A kasuwannin Nijar gero, masara da wake da tiya ake auna su, kuma tiya ba ɗaya ba ce: akwai mai tozo, akwai shafaffiya, akwai wadda aka bubbuge gindinta. Tumatir da tattasai kashi-kashi ake kasa su. Wanda ke tsaye yana ganin girman kashin kafin ya ce a zuba. Wanda ya rubuta «tumatir na jaka ɗaya» a waya ya bar wa mai kaya hukuncin ko nawa ne jaka ɗaya ke saye yau. Ga tayi, ga gyara. A kasuwa farashin farko buɗe baki ne kawai, kuma bayan an gama ciniki ana ƙara ɗan wani abu a kai. A shafin intanet farashin da aka rubuta shi ke nan, gyara kuwa ba ta bin moto.

Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna sayen abin da ba ya gaban mai saye. Sun halatta shi idan an siffanta kayan, kuma idan suka zo ba bisa siffar ba mai saye yana da zaɓin ya mayar. Sun kuma yi taka-tsantsan game da sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a kawo abin da ke iya canzawa a hanya. Ƙa'idar ta dace da buhun sukari ƙwarai. Wuyarta tana wurin alayyafo da nama, inda siffa ɗaya, «mai kyau», kowa ke fassara ta yadda ya ga dama.

Ranar lalacewa

A kan kayan da aka rubuta da Faransanci akwai kwanan wata iri biyu, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. «À consommer jusqu'au» ana sa shi a kan abin da ke saurin lalacewa, kamar nama da kifin leda da wasu kayan madara. Idan ranar ta wuce, cin sa na iya cutarwa. «À consommer de préférence avant» na kayan da ke jimawa ne, irin su biskit, taliya da gwangwani. Bayan ranar ɗanɗano na iya raguwa, amma galibi ba haɗari idan ba a buɗe ba kuma an adana da kyau. Mai saye a kanti yana juya kwalin ya karanta, wani ma ya miƙa hannu can bayan kanta inda sabbin kaya suke, domin ma'aikatan kanti suna jera masu kusan ƙarewa ne a gaba.

Ta intanet wannan damar ba ta samuwa, kuma ba a Afirka kaɗai ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 kan bayanan abinci ta tilasta wa mai sayarwa daga nesa ya nuna abubuwan da aka haɗa abincin da su, da nauyinsa, da sinadaran da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, tun kafin a biya. Abu ɗaya ta cire daga wannan wajibi: kwanan watan lalacewa. Shi sai kaya sun iso ake ganin sa. Saboda haka ko a Paris mutum na iya sayen yawur na mako guda, a kawo masa wanda ya rage kwana biyu, kuma ba a karya doka ba. Inda kula da kantuna bai kai na can ƙarfi ba, kuma ana samun kayan da aka goge kwanan watansu ko aka sake bugawa, haɗarin ya fi haka. Madarar jarirai ita ce abin da bai kamata a karɓa daga hannun ɗan aike ba tare da an juya gindin gwangwanin an karanta ba.

«Babu, mun sa maka wani»

Shafin kanti ba kullum yake tafiya daidai da abin da ke kan kanta ba. Mutum ya biya, sai a wurin haɗa kaya a tarar abin ya ƙare. Manyan kantunan Turai da Amurka sukan musanya shi da makamancinsa, sai dai idan mai saye ya hana tun farko. Makamanci a idon ma'aikaci ba lalle ya zama makamanci a tukunya ba: shinkafa ƴar gwamnati da mai ƙamshi duk shinkafa ce, amma ba tuwo ɗaya suke yi ba. Ga mai ciwon sukari ko hawan jini, ko yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, musanya na iya zama maganar asibiti. Ga Musulmin da ke zaune ko ya je baƙunta ƙasar da nama halal ke da nasa ɓangare daban, a musanya masa kaza da wadda ba ta da tambarin, ko alewa da mai jelatin na alade, asarar kuɗi ce kai tsaye. Idan kuma ba a musanya ba, aka cire abin kawai, uwar gida na iya samun kanta da komai na miya ban da mai, ƙarfe 12 na rana.

Zafi

Wannan ita ce matsalar da ta fi nauyi a Sahel, kuma ita aka fi rainawa, domin ba a ganin ta da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ajiye abinci mai lalacewa ƙasa da digiri 5, dafaffe mai zafi kuma sama da digiri 60, kuma kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Hukumomin Amurka sun rage wa'adin zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Kayan da aka daskarar kuwa a digiri 18 ƙasa da sifili ake riƙe su.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai, Tawa da Maradi yana wuce digiri 40. Akwatin da ke bayan moto, ko ledar da aka rataya a hannunsa, ya fi iskar waje zafi. Mai kai kaya kuma ba oda ɗaya yake ɗauka ba, don ba za ta fitar masa da kuɗin mai ba. Yana haɗa uku ko huɗu, ya bi unguwa-unguwa. Kazar da ta baro firigo ƙarfe 11 na iya isowa gidan ƙarshe ƙarfe 1. A lokacin ta narke, an mayar da ita firigon gida, wuta ta ɗauke da la'asar kamar yadda ta saba a lokacin zafi, ta sake narkewa. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai take yi. Duk narkewa sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Dafawa sosai na kashe yawancinsu, amma wasu suna barin guba da wuta ba ta rusa ta.

Wanda ya je kasuwa da kansa ma yana ɗauko nama cikin rana, gaskiya ne. Sai dai ya san ƙarfe nawa ya saya, kuma gida ya nufa kai tsaye. Mai oda bai san tun yaushe kayansa suka bar sanyi ba. A Turai kamfanoni na amfani da motoci masu firigo da akwatunan ƙanƙara, kuma kuɗinsu na cikin farashin. Mai sayarwa ta WhatsApp da ke kai kifi, kaji ko yawur ba tare da akwatin ƙanƙara ba, ya ɗora haɗarin ne a kan cikin mai saye. Alamun da ake iya gani a ƙofa kaɗan ne: kwali mai jiƙa, ruwan jini a gindin leda, ƙanƙarar da ta dunƙule wuri ɗaya alamar ta taɓa narkewa, murfin yawur da ya kumbura.

Lissafin kuɗi

Kuɗin kai kaya shi ne wanda kowa ke gani, kuma ya fi cin ƙaramin mai saye. A ɗauka misali ana biyan jaka 1 kowace tafiya. Wanda ya yi cefanen jaka 50 ya ƙara kashi 2 cikin 100. Wanda ya yi na jaka 5 ya ƙara kashi 20. Galibin gidaje a biranen Nijar cefanen yini suke yi, gwargwadon abin da maigida ya samo, shi ya sa wannan hanya ta fi dacewa da mai albashi da firigo fiye da kowa. Manyan shafuka ma sukan sa mafi ƙarancin abin da za a saya kafin su yarda su kawo, abin da ke tura mutum ya ƙara kayan da bai yi niyya ba don ya cika adadin.

Sauran kuɗaɗen ba su fito fili haka ba. Farashin cikin manhaja sau da yawa ya ɗara na cikin kanti. Instacart da kansa yana sanar da cewa wasu kantunan da yake aiki da su suna sa farashi daban a shafinsa, ban da kuɗin hidima da kuɗin kawowa da ɗan hasafin da ake ba direba, wanda a Amurka ya zama kamar wajibi. A nan kuma akwai kuɗin tura kuɗi ko cire su, da na mega, da na kiran ɗan kabu-kabu sau uku ana kwatance. Ga abin da ake sayarwa da awo, kamar nama, wasu shafukan ƙetare suna riƙe kuɗi fiye da na odar a katin banki, sai bayan an auna su saki ragowar, kuma sakin na iya ɗaukar kwanaki.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi sai ranar da aka buƙace shi: bashi. Mai kantin unguwa yana da littafi. Yana ba ma'aikaci shinkafa da mai har ƙarshen wata, yana sayar da sukari na dala goma da dunƙulen magi ɗaya. Wannan yardar da yawan zuwa ake gina ta. Gidan da ya mayar da babban cefanensa intanet, ya bar wa mai kantin sayen ashana kawai, bai kamata ya yi mamaki ba idan littafin ya rufe ranar da albashi ya makara.

Kwatance da jira

A takarda titunan Yamai suna da sunaye da lambobi. A baki kuwa da masallaci, gidan mai, kantin magani da bishiya ake kwatance. Tura wurin da mutum yake ta WhatsApp ya rage wahala, amma sai mai moto yana da waya mai intanet, da mega, da caji. A sabbin unguwannin bayan gari taswira ba ta san lunguna ba, da damina kuma ruwa na datse wasu hanyoyin. Sakamakon shi ne lokacin da aka ce za a tsimi mutum a kasuwa yana ƙarewa a zaman jira, ba ya iya fita don kada a zo ba ya nan. A watan Azumi abin ya fi tsanani, domin kowa kafin magariba yake son kayansa.

Idan an cuci mutum

A Faransa da sauran Tarayyar Turai wanda ya sayi abu daga nesa yana da kwana 14 ya fasa ya mayar, ba sai ya faɗi dalili ba. Mutane da yawa sun san wannan. Abin da ba su sani ba shi ne dokar ta cire kayan da ke saurin lalacewa daga ciki. Idan kayan sun zo a ruɓe ko ba su aka saya ba, mai saye yana da haƙƙin a biya shi, amma sai ya kai koke, da hoto, cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa ba kuɗi ake mayar masa ba, takardar rangwame ce ta oda ta gaba.

A cinikin WhatsApp ko wannan babu. Ba rasit, ba adireshin kanti, wani lokaci ko sunan gaskiya babu. Mutum uku ne a cikin harkar, mai kaya, mai moto da mai saye, kuma idan ƙwai ya fashe ko kilo ya ragu, na farko ya ce lafiya ya ba da su, na biyu ya ce yadda aka ba shi ya kawo. Mafi muni su ne shafukan bogi, waɗanda ke yawaita gab da Azumi da Sallah: hoton buhunan shinkafa da jarkokin mai a farashin da ya yi arha fiye da hankali, a ce a tura rabin kuɗi, daga nan lamba ta daina shiga. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma ana iya kai ƙara wurin ƴan sanda. Amma wanda aka ci wa jaka 10 yakan auna zirga-zirgar da zai yi ya haƙura, kuma da wannan haƙurin masu damfara ke ci. Biya bayan an ga kaya shi ne ke toshe yawancin wannan ƙofa. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da shi, ko da a odar farko, ya ba da amsa.

Kowace oda kuma tana barin lambar waya, wurin da gida yake, lokacin da maigida ba ya nan, da irin abin da ake ci. A Nijar akwai hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, amma bayanan da ke cikin wayar ɗan aike ba su cikin wani rajista da za a bincika. Matan da baƙon mai moto ya ci gaba da kiran lambarsu bayan ya kai kaya sun san nauyin wannan.

Kamfanonin da ba su daɗe ba

Ɗaukar kaya daga kanta, haɗa su, da kai su ƙofa aiki ne mai tsada, ribar kayan abinci kuma siririya ce. Tarihin harkar cike yake da kamfanonin da suka ɓoye wannan tsadar da kuɗin masu zuba jari har kuɗin suka ƙare. Webvan na Amurka ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli ya rushe a 2001. Lokacin annobar korona kamfanonin da ke alkawarin kawo cefane cikin mintoci suka cika biranen Turai. Getir na Turkiyya ya sayi Gorillas na Jamus a ƙarshen 2022, ya fita daga Faransa a 2023, sannan a 2024 ya janye daga Ingila, Jamus, Holand da Amurka. A Faransa sun kuma yi karo da hukumomin birane saboda shagunansu marasa masu saye, waɗanda maƙwabta ke kuka da hayaniyar baburansu. A watan Maris 2023 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke cewa ɗakunan ajiya ne, ba kantuna ba. A Afirka Jumia ya rufe sashensa na kai abinci a ƙasashe 7 a ƙarshen 2023, ciki har da Najeriya da Kodibuwa, Glovo kuma ya bar Gana a 2024. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce arhar farko ba ta ɗorewa: ko farashi ya hau, ko a matse mai kai kaya, ko kamfanin ya tafi. Matsin da ke kan mai moto, wanda ake biya bisa yawan tafiya, shi ne ke fitowa a gudun da yake yi a titi.

Leda ma ta ƙaru. Kowane kashi da ledarsa, sannan a haɗa su cikin wata, a ƙasar da ta haramta irin wannan leda a doka tun 2014 amma take rataye a kowace ƙaya.

Oda zuwa otal

Ɗan kasuwar da ya je Dubai ko Istanbul, mai Umra a Makka, wanda ya raka marar lafiya Tunis, ko ma'aikacin da ya zo taro Yamai daga Damagaram, duk suna iya tunanin su sayi ruwa, burodi, madara da ƴaƴan itace ta waya don su guje wa tsadar abincin otal. Dabarar tana da kyau, amma duk matsalolin da aka ambata suna nan, ga wasu a kai.

Otal ba gidan mutum ba ne, kuma kowanne da ƙa'idarsa. Wasu ba sa barin mai kai kaya ya hau sama, wasu ba sa karɓar saƙo a madadin baƙo, wasu suna karɓa su caji kuɗi, wasu kuma, musamman masu gidan abinci a ciki, ba sa son a shigo da abincin waje sam. Idan kaya suka iso kafin baƙo ya karɓi ɗaki, ko sunan da ke kan oda ya bambanta da na rajistar otal, abin da ke faruwa kullum ga wanda wakili ya kama wa ɗaki ko suke huɗu a ɗaki ɗaya, ledar na iya yini a wurin karɓar baƙi ba wanda ya sa ta a sanyi. Manhajojin sukan nemi lambar wayar ƙasar don aiko da lambar tabbatarwa, direba kuma zai kira da Larabci ko Turkanci. Katin bankin gida na iya ƙin aiki, idan ya yi kuma banki ya cire kuɗin canji. A Makka hanyoyin da ke kewaye da Harami sukan rufu ga motoci lokutan salla da lokacin cunkoso, sai mai oda ya taka ya tarbi kayansa can nesa.

Ƙaramin firigon ɗakin otal don sanyaya lemo aka yi shi. Da yawansu ba sa sauka ƙasa da digiri 5, ba su da wurin daskarewa, kuma a otal ɗin da katin ƙofa ke kunna wuta, wasu suna mutuwa da zarar baƙo ya fita. Girki a ɗaki haramun ne a mafi yawan otal saboda gobara. Abin da ya rage wa matafiyi, ke nan, shi ne kayan da ba sa buƙatar sanyi ko wuta. Sai kuma sharaɗin mafi ƙarancin oda ya tura wanda zai kwana uku ya sayi na mako guda. Ranar tafiya ragowar ba ta bin sa: a yawancin filayen jirgin sama ba a wucewa da abu mai ruwa da ya haura mililita 100 a jakar hannu, Tarayyar Turai kuma ba ta barin matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashen Afirka ko na Larabawa. Madarar da aka buɗe, da rabin katon na ruwa, da cukun da ba a taɓa ba, a ɗakin ake barin su.